Yadda katin AMD ya zama ɗan gida a Linux

Duk matashin da ya haɗa kwamfutar wasanni a Dakoro, ya ɗora mata Linux don gudun kuɗin lasisi, ba zai daɗe ba zai gane cewa katunan hoto ba ɗaya suke ba. Na AMD, da an cusa shi hoto ya fito. Na NVIDIA kuwa sai an sauke masa direba daban, mai nauyin ɗaruruwan megabait, a garin da kowa ke tattalin datarsa. Wannan bambanci tsohon zance ne.

Kati ba ya motsi sai da direba, manhajar da ke kai umarnin wasa ga guntun da ke zana hoton. Lokacin da NVIDIA ta fito da GeForce 256 a 1999, Windows kamfanoni suka sa a gaba. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, ragowa take samu. NVIDIA ta yi mata direba mai ƙarfi, amma rufaffe: ba mai leƙa cikinsa, balle ya gyara. Na ATI, abokiyar hamayyarta ta Kanada, ya ma fi ba da ciwon kai, don sau da yawa ana sabunta Linux sai allo ya yi baƙi ƙirin.

A 2006 AMD ta sayi ATI a kan dala biliyan 5.4, shekara ta zagayo ta fara sakin takardun da ke bayyana cikin guntayenta ga duk mai so. Ba a ci moriyar abin nan take ba. An yi shekaru direban buɗe, wanda kowa zai iya leƙawa ya gyara, yana jan ƙafa a bayan rufaffen. Amma a 2015 direban amdgpu ya shiga cikin Linux kanta, a 2016 kuma, da sabon tsarin zane mai suna Vulkan ya fito, Dave Airlie da Bas Nieuwenhuizen suka rubuta masa direban RADV ba tare da AMD ta sa su ba. Ƙofar da aka buɗe a 2007 ce ta ba su hanya.

A ɓangaren NVIDIA, ƴan sa-kai na aikin Nouveau lalube suke yi, suna gano cikin katin da gwaji. Daga jerin GTX 900 kamfanin ya sa kulle, har direbansu ya kasa tayar da katin zuwa cikakken gudunsa. Tun kafin nan ma rai ya ɓaci: a watan Yunin 2012, a Jami'ar Aalto, Torvalds ya ce ba su taɓa hulɗa da kamfani mai wuyar sha'ani kamar NVIDIA ba, ya juya ya ɗaga wa kyamara yatsa.

Kuɗi ne ya ƙarasa aikin, ba fushi ba. Kamfanin Valve ya kawo shagon wasanninsa, Steam, zuwa Linux a 2013, ya saki Proton a 2018 domin wasannin Windows su yi aiki, sannan a 2022 ya fito da na'urar wasa ta Steam Deck mai guntun AMD, yana biyan masu gyaran direban buɗe. A watan Mayun 2022 NVIDIA ta buɗe wani sashe na direbanta, amma daga jerin GTX 16 da RTX 20 zuwa sama kawai.

Nan ne tarihin ya shafi aljihun mai saye a Dakoro, tun da abin da ke isowa daga Maradi ko Kano galibi gwanjo ne. GTX 970 ko 1060 ba su shiga wannan buɗi ba, rayuwarsu tana hannun kamfani. RX 580 ta AMD ta 2017 kuwa har yau ana kula da direbanta, sai dai tana jan wat 185, nauyi ne ga mai sola, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. RX 6600 wat 132 take ci. (Fortnite da Valorant kam ba sa tashi a Linux ko da wane kati, kada a ɗora wa mai shago laifi.)

Wanda zai sayi katin gwanjo don wasa a Linux, AMD ya nema, kuma ya sa a kunna masa wasa mai nauyi a shagon kafin ya miƙa kuɗinsa.