Daga Akwatin Waya Zuwa Wayar Hannu: Sauraron Rediyo a Darmanawa da Kewayenta

Abin lura ne ga mai nazarin tarihi cewa da waya rediyo ya fara shiga Kano. A shekarar 1944 aka kafa tashar da ke rarraba shirye-shirye ta igiyar waya zuwa akwatunan da aka kakkafa, sai fa inda igiyar ta kai ake jin magana. A lokacin nan Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ƙauyuka ne na manoma a bayan ganuwa. Zuwan ƙaramin rediyo mai batir shi ya kai musu duniya har ƙofar gida, musamman bayan buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, da Gidan Rediyon Kaduna a 1962, da Muryar Jamus a 1963.

Sauraro a wancan zamani sha'ani ne na jama'a. Rediyo ɗaya ne a majalisa ko a teburin mai shayi, mai shi ne ke murɗa tasha, saura kuma su yi tsit. Idan labari ya ƙare a tattauna shi nan take, wanda ya ji ba daidai ba a gyara masa. Mai son a ji sunansa kuwa sai ya rubuta kati zuwa Zaɓi Sonka, ya zauna jiran makonni.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa izinin kafa gidajen rediyo, har Freedom ta fara aiki a Sharaɗa a 2003. Wayar hannu kuma ta shigo Nijeriya a 2001, daga bisani kasuwar Farm Centre da ke Tarauni ta zama babbar matattarar cinikinta, watau maƙwabtan Darmanawa ne ke sayar da ita.

To, a nan akwai wani ɗan batu na fasaha da ba a cika kula da shi ba. Rediyon da ke cikin waya zangon FM kaɗai yake kamawa, ba ya kama gajeren zango, kuma sau da yawa igiyar abin sawa a kunne ita ce eriyarsa. Saboda haka wayar ta fifita tashoshin gida a kan na ƙetare, waɗanda ala tilas suka bi masu sauraronsu zuwa intanet. Har ila yau ta ɗauke magana daga tsakiyar majalisa ta kai ta kunnen mutum ɗaya. Ma'aikacin da ke jiran mota a bakin Asibitin Malam Aminu Kano da ɗalibin da ke tsaye kusa da shi, kowa da tasharsa.

Sai dai wayar ta ba mai sauraro baki. Yau yana bugowa ana tsakiyar shiri ya kai kukan rashin ruwa ko lalacewar hanya, jami'in da abin ya shafa yana ji. Wannan ci gaba ne babu shakka, ko da yake ta wannan ƙofa ce sojojin baka suka ƙara ƙarfi a siyasar Kano. Mafi wuyar sha'ani shi ne guntun shirin da ake yankowa a watsa ta WhatsApp, babu kwanan wata, babu abin da ya gabace shi. Yakan iso Darmanawa bayan watanni a ɗauke shi labarin safiyar ranar, alhali gidan rediyon ya riga ya gyara maganar tuntuni.