Zanzibar: Yadda Gabar da Aka Raina Ta Zama Mafi Tsada

Baƙon da ya sauka a tsibirin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, tambayar farko da direban tasi zai yi masa ita ce: arewa ko gabas? Idan ya ce arewa, za a nufi Nungwi da Kendwa, tafiyar kimanin kilomita 60 daga tsohon birnin Zanzibar. Idan ya ce gabas, sai Matemwe, Kiwengwa, Paje ko Jambiani. Yau waɗannan sunaye ne da kamfanonin yawon buɗe ido ke tallatawa a Turai. Shekaru hamsin baya kuwa, ƙauyukan masunta ne da ko hanyar mota ta kirki ba su da ita.

Dalilin wannan raini yana cikin ƙasar kanta. Yammacin Unguja yana da ƙasa mai zurfi da albarka. Gabas da kudu kuwa fako ne, dutsen murjani da 'yar ƙasa kaɗan a samansa. Lokacin da Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajajen 1840, idonsa na kan kanumfari, kuma kanumfari ba ya yi a kan dutse. Saboda haka manyan gonaki, da bayin da aka tilasta su noma su, suka taru a yamma da kuma tsibirin Pemba. Can ne dukiya ta zauna, can aka gina fadoji da gidajen 'yan kasuwa na Larabawa da Indiyawa. 'Yan asalin tsibirin, Wahadimu a gabas da kudu, Watumbatu a arewa, suka ci gaba da kamun kifi da ƙaramin noma a gefen da babu mai ƙyashinsa.

Ba wai gefen nan ba shi da tarihi ba ne. A Kizimkazi da ke can kudu akwai masallaci mai ɗauke da rubutun Kufi na shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatai a gabar Afirka ta Gabas. Nungwi ta daɗe da suna wajen sassaƙa jiragen katako masu tafiya da iska, kuma har gobe ana jin ƙarar gizago a bakin ruwanta. A Bwejuu da Jambiani mata kan binne ɓawon kwakwa a cikin yashin teku na tsawon watanni, ya yi laushi, su daka shi su tufka igiya. Rairayin da baƙi ke shimfiɗa tawul a kansa yanzu, a wancan zamani wurin aiki ne: nan ake ɗinkin koma, nan ake gyaran kwale-kwale, nan ake cinikin kifi.

Mulkin Ingila, wanda ya fara a 1890, bai sauya wannan tsari sosai ba. Juyin juya halin 12 ga Janairun 1964 ya kawar da sarautar zuriyar Sayyid Sa'id, a watan Afrilun shekarar kuma Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Gwamnatin Abeid Amani Karume ta mayar da filaye mallakar hukuma, ta karkata ga ƙasashen gurguzu, ba ta kuma yi marmarin baƙi daga Yamma ba. Kuɗin kanumfari ya ishe ta.

Sai kasuwar ta rushe. A shekarun 1980 farashin kanumfari ya faɗi warwas a duniya, musamman bayan da Indonesiya, wadda ta fi kowa saye, ta bunƙasa nata noman. Ali Hassan Mwinyi, da ya zama shugaban Zanzibar a 1984, ya fara sassauta dokokin kasuwanci, a 1986 kuma aka yi dokar da ta buɗe ƙofa ga masu zuba jari daga waje. A 1985 baƙin da suka ziyarci tsibirin ba su kai dubu 20 ba. A 2023 sun haura dubu 600.

Abin da masu jari suka zo nema shi ne daidai abin da manoman kanumfari suka juya wa baya: farin yashi da ruwa garai-garai. Kamfanonin Italiya ne suka fara zuwa da ƙarfi, suka jera manyan otal-otal a Kiwengwa, har ta kai matasan yankin da yawa suna jin Italiyanci.

Bambancin da ke tsakanin gabobin kuwa, teku ce da iska suka tsara shi tun kafin a gina otal ko ɗaya. A gabas, gabar shimfiɗaɗɗiya ce, ga kuma shingen murjani can nesa. Sau biyu a yini ruwa kan janye, wani lokaci fiye da kilomita guda, ya bar mai son iyo yana jira. A Nungwi da Kendwa ƙasa tana gangarawa da sauri, ruwa ba ya yin nisa, ana iya wanka a kowace sa'a. Wannan ne ya sa arewa ta fi cunkoso da kiɗa da shagalin dare.

Janyewar ruwan da ke ɓata wa mai iyo rai ita ce ta ba matan gabas sana'a. A 1989 aka fara noman ciyawar teku don sayarwa a Paje da Jambiani, da irin da aka kawo daga Filifin. Mwani suke kiranta. Mata kan kafa turaku a cikin ruwa marar zurfi, su ɗaura ciyawar a igiya, su girbe bayan kimanin mako shida, su shanya. Daga gare ta ake tatso sinadarin da ke sa man goge baki da wasu kayan abinci su yi kauri. Ɗumamar ruwan teku ta rage amfanin a 'yan shekarun nan, amma mata dubbai suna nan a kanta.

Iska ma ta samu sabon aiki. Kaskazi, mai kaɗowa daga arewa maso gabas tsakanin Disamba da Maris, ita ce ke kawo jiragen fatake daga Larabawa da Indiya a da, iskar Kusi kuma ta mayar da su gida. Yanzu waɗannan iskokin biyu ne ke jan Turawa masu zamiya a kan ruwa da wata babbar lema, kuma Paje ce matattararsu.

Riba ta zo da nata tsadar. Iyalai da yawa sun sayar da itatuwan kwakwarsu na bakin ruwa da araha tun kafin su san darajar wurin. Mazauna Nungwi, Kiwengwa da Jambiani sun sha kokawa cewa otal-otal suna zuƙe ruwan ƙasa, rijiyoyin gari suna komawa na gishiri. Ayyukan otal da yawa sun tafi hannun 'yan babban yankin Tanzaniya, ciki har da Masai masu gadi da tallar duwatsun ado. Da yake kusan dukan mutanen tsibirin Musulmi ne, batun sutura ya zama abin gardama, har a 2021 gwamnati ta yi gargaɗin cin tarar masu yawo cikin gari da kayan wanka.

Duk da haka, yawon buɗe ido ne yanzu ke kawo wa Zanzibar mafi yawan kuɗin waje, matsayin da kanumfari ya riƙe fiye da shekara ɗari, kuma akasarin manyan otal-otal ɗin suna kan gabobin arewa da gabas.