Niyya da Sakamako: Karma a Koyarwar Buddha da Tambayar Ramukan Riruwai

A 'yan shekarun nan matasanmu sun ɗauko wata magana daga finafinan Indiya da shafukan sada zumunta: da zarar musiba ta auka wa azzalumi, sai a ce karma ce ta kama shi. Nufinsu bai wuce abin da kakanninmu suka daɗe suna faɗa ba, cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Sai dai akwai haɗari a nan. Wanda ya yarda kowane mugun aiki yana jawo musiba, da sauƙi ya juya maganar ya ce kowace musiba shaidar mugun aiki ce. Da'awata ita ce tsofaffin nassosin addinin Buddha sun hango wannan tarko sun kauce masa, ko da yake ba a kowane wuri ba.

An haifi Siddhartha Gautama, wanda ake kira Buddha, a Lumbini ta ƙasar Nepal ta yanzu, ya yi wa'azinsa a kwarin kogin Ganga wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Almajiransa sun riƙe koyarwar da ka, sai a ƙarni na 1 kafin haihuwar aka rubuta ta da harshen Pali a Siri Lanka. Buddha ya tarar da maganar karma a ƙasa. A wurin limaman Barahma, aikin da ke da sakamako shi ne yanka da hadaya. Mabiya addinin Jain kuwa sun ɗora nauyin a kan motsin jiki kansa. Buddha ya mayar da nauyin kan niyya. A kundin Anguttara Nikaya ya bayyana cewa ƙudurin zuci shi ne karma, daga gare shi aiki yake fita ta jiki ko ta baki ko ta tunani, kuma tushen mugun aiki uku ne: kwaɗayi, ƙiyayya da ruɗu. Ɗalibin makarantar zaure zai ji kamar ya san wurin, domin da hadisin niyya Bukhari ya buɗe Sahihinsa, haka ma Nawawi a Arba'una.

Sakamakon, wanda ake kira vipaka, ba ya zuwa mudu da mudu. Buddha ya buga misali da dunƙulen gishiri: a ƙaramin ƙoƙo yana hana ruwa shawuwa, a kogin Ganga ko ɗanɗanonsa ba a ji. Haka laifi guda yake dulmuyar da mai ƙuntatacciyar zuciya, amma ya yi sauƙi ga wanda ya tarbiyyantar da kansa. Ke nan abin da mutum yake yi yau yana sauya nauyin abin da ya wuce. Har ma Buddha ya lissafa ainihin yadda sakamakon ke gudana cikin abubuwa 4 da hankalin mutum ba ya iya ƙure su.

Nassin da ya fi dacewa da mu shi ne tattaunawarsa da wani mai yawon neman gaskiya, Moliya Sivaka, a Samyutta Nikaya. Sivaka ya tambaye shi game da masu cewa duk daɗi ko wuyar da mutum ke ji daga ayyukansa na baya suke. Buddha ya ce sun yi kuskure, ya kawo dalilai 8: matsarmama, majina, iskar ciki, haɗuwar waɗannan uku, sauyin yanayi, sakaci da jiki, farmaki daga waje, sannan a ƙarshe sakamakon karma. Bakwai daga cikinsu likita ko alƙali ne ke duba su.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. A Majjhima Nikaya akwai hirar Buddha da saurayi Subha, inda aka danganta gajeren rai da kisa a rayuwar baya, talauci kuma da rowa. Labarin makahon zahidi Cakkhupala a sharhin Dhammapada ya haɗa fuskokin biyu: an wanke shi daga laifin ƙwarin da ya taka don bai yi nufi ba, amma an ce makantarsa sakayyar makantar da wata mata ce a wata rayuwa. Irin wannan karatu ya zame wa masu iko hujjar barin mai wahala cikin wahalarsa. Shi ya sa B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci dubban ɗaruruwan Dalit, mutanen da ake ƙasƙantarwa a Indiya, zuwa addinin Buddha a Nagpur ranar 14 ga Oktoba 1956, ya ƙi yarda cewa aikin wata rayuwa ne ya haifi mutum cikin ƙasƙanci. A ganina hujjarsa tana da ƙarfi, domin nassin Sivaka yana bayansa.

Me ya haɗa wannan da Riruwai? Garin, a Ƙaramar Hukumar Doguwa, ya san narkar da kuza tun kafin zuwan Turawa. Kamfanoni suka zo suka haƙa, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, aka bar ramuka, talakawa suka ci gaba da tono da diga da shebur. Idan rami ya rufta da matashi, ko ƙurar dutse ta cinye huhun magidanci, akan ji masu cewa wa ya san abin da ya shuka. Wannan magana tana yi mini ciwo, domin tana ɗora wa mamaci laifi, ta kuma sauke shi daga kan masu rai. In da ma'aunin Buddha za a auna, tambaya ba ta kan wanda ƙasa ta danne. Tana kan niyyar wanda ya tura yaro rami marar tokari don ribar buhu guda, da wanda aka ba amanar duba wurin ya kau da kai.

Musulmi ba ya karɓar ginshiƙin wannan koyarwa. Mu ba mu yarda da sake haihuwa ba, kuma sakamako a wurinmu hukuncin Ubangiji ne mai gafara, ba ƙa'ida mai tafiyar da kanta ba. Amma kan cewa wahala ba hujjar zunubi ba ce, ƙissar Annabi Ayuba (AS) ta ishe mu. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ba wanda zai iya nuna zunubin waɗannan yara. Mutuwar ta ragu ne bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga tsakar gidaje, an ba yaran maganin fitar da dalma daga jini, an kuma fitar da niƙan dutse daga cikin gida.