Tsohon Tekun da Ya Bar Sawunsa a Duwatsun Adar

Idan aka tambayi ɗan firamare a Madawa ko Buza ina teku yake, zai ce Kwatano ko Legas, domin can ne ya ji 'yan ci-rani suna ba da labari. Bai yi kuskure ba. Daga Madawa zuwa bakin ruwan gishiri mafi kusa akwai fiye da kilomita 800, ko da tsuntsu ne ya yi tafiyar. Sai dai akwai wani bakin teku da ake isa gare shi da ƙafa cikin hantsi guda, babu kuɗin mota, babu takardar ƙetare iyaka. Yana nan a jikin tuddan Adar, tsakanin Madawa, Buza da Keita. Ruwan ya janye tun shekaru miliyoyi, amma ya bar shaidarsa a cikin dutse. Tarihin wannan teku, da na yadda aka gano shi, nake son mu duba tare, malamai 'yan'uwana da iyayen yara.

Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa tsakanin shekaru miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, ruwan teku ya sha malalowa daga arewa, daga wajen da Bahar Rum yake a yau, ya ratsa Aljeriya da Mali, ya cika wani babban kwari da ya haɗa yammacin Nijar da ƙasar Sakkwato. Kwarin ne ake kira Iwillimmidan a littattafai, da sunan Abzinawan da ke kiwo a arewacinsa. Ruwan ba mai zurfi ba ne sosai, kuma mai ɗumi ne. Ya zo ya koma ba sau ɗaya ba, kowane zuwa kuma yana shimfiɗa laka da ɓawon halittu a ƙasansa. Wannan shimfiɗa ce ta daskare ta zama farin dutsen da muke gani kamar ɗamara a ƙugun tuddanmu.

Yadda labarin ya isa kunnen duniya yana da alaƙa da zuwan Nasara. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun zana iyaka a takarda: aka ɗora tsinin alƙalami a kan Sakkwato, aka ja da'ira mai nisan mil 100, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Wannan da'ira ta haɗiye babban yanki na Adar, ta bar Faransawa ba su da hanya mai rijiyoyi daga bakin Kwara zuwa Damagaram. Saboda haka hafsoshin ƙasashen biyu suka yi ta kai da kawowa a tuddanmu, suna awo, suna neman ruwa, har aka sake zana iyakar a 1904 da 1906.

Cikin wannan zirga-zirga ne wani hafsan Faransa, Kyaftin Henri Gaden, ya tsinci wasu duwatsu masu siffar halittun ruwa a Tamaske, wadda ke gundumar Keita a yau. Aka kai su Faris, kuma a 1903 masani Albert de Lapparent ya sanar da majalisar masana kimiyya ta Faransa cewa teku ya taɓa kwanciya a wannan wuri. Wani likitan sojan Ingila da ke cikin masu shata iyaka, Kyaftin Lelean, shi ma ya kwashi nasa ya aika Landan. A 1904 wani masani mai suna Bather ya yi rubutu a kansu, ya kira su na Sakkwato, domin a taswirar lokacin nan aka sa wurin. Masanan farko sun ba duwatsun shekaru kusan miliyan 45. Binciken da ya biyo baya, musamman babban aikin Greigert na 1966 a kan wannan kwari, ya nuna farin dutsen ya girmi haka, yana wajen shekaru miliyan 60.

Da bincike ya ci gaba, sai aka fara tono manyan namun ruwan. A Goronyo ta jihar Sakkwato an samu ƙasusuwan wata dabba mai kama da ƙaton guza, mai iyo da filafilai, aka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972. A 1991 aka sa wa wata 'yar'uwarta Igdamanosaurus, da sunan dutsen Igdaman da ke nan jihar Tawa. Sunayen garuruwanmu suna cikin littattafan jami'o'in duniya, alhali yaron da ke kiwon awaki a kan waɗannan duwatsu bai taɓa jin labarin a aji ba. Wannan shi ne abin da ke damuna.

A makarantar horon malamai an koya mana cewa darasi yana farawa daga abin da yaro ke iya taɓawa. Ga darasin da ya fi kowane sauƙin taɓawa, kuma tafiyar ƙafa ce kawai. A tashi da sassafe daga gindin kwari, inda gonakin gero da dawa suke, a bi ƙorama busasshiya a nufi tudu. Da farko rairayi ne ke cin ƙafa. Can gaba sai bangon ƙoramar ya fara nuna zane-zane, laka mai ruwan toka, wata mai ɓarewa fallaye-fallaye kamar takarda, jefi-jefi da wani dutse mai ƙyalli kamar fasasshen gilashi. Daga nan hanya ta miƙe sama, a fara haki, ƙaya tana kama riga, sai a iso farin dutse.

A nan ne ya kamata a zauna a huta, a ce wa yara su sunkuya su duba ƙasa. Ba za a daɗe ba wani zai ɗago katantanwa wadda ta zama dutse. Wani zai samo ɗan dunƙule kamar ƙosai, mai zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa: bushiyar teku ce, ƙayoyinta sun zube, siffarta ta rage. Irinta ce Gaden ya tsinta a Tamaske. Idan an yi sa'a a ga wata babba mai naɗi kamar gammo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan halittu da ke rayuwa a tabki ko gulbi, sai a ruwan gishiri. Yaro da kansa zai yi tambayar da ake so: to me ya kawo su kan tudu?

A ci gaba da hawa har farin ya ƙare, ja da baƙi su karɓa, dutse mai nauyi mai ƙarfe a ciki, sannan marmarar da ta rufe kan tudun. Wannan canjin launi shi ne alamar janyewar ruwa. Wanda ya tsaya a kan iyakar farin da jan, ya juya ya hangi kwarin da ya baro, to ya iso gaɓar da muka fito nema. Babu kowa a wurin sai iska da shaho. Cikin awa biyu ko uku yaro ya taka shekaru miliyoyi da ƙafarsa.

Wasu iyaye kan ɗauka wannan zance ne da Turawa suka ƙirƙiro. Sai mu tuna musu cewa kusan shekaru 1000 da suka wuce, malami Albiruni ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a da, hujjarsa kuwa ɓawon halittun ruwa da masu haƙa rijiya ke tonowa. Ibn Sina ma ya yi bayanin yadda laka ke zama dutse da halittu a cikinta. Duba ƙasa da lura tsohuwar sana'ar malamai ce.

Kuma tekun nan bai daina ciyar da mu ba. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960, farin dutsen nan take ƙonawa, haka ma ta Kalambaina a Sakkwato. Dutsen nan mai ƙyalli, wanda mutanen ƙauyuka ke tsinta suna sayarwa, shi ake zubawa a siminti don kada ya yi saurin daskarewa. Hatta zaizayar da ke cinye gonakinmu tana da tushe a nan: ruwan sama ba ya shiga marmarar kan tudu, sai ya gangaro da ƙarfi ya yanke lakar da ke ƙasa. Matan da suka yi ta jera duwatsu a aikin raya ƙasa na Keita tun daga 1984, da wannan shimfiɗa suke kokawa. Yaron da ya gane jerin duwatsun zai gane dalilin ganuwar da ke gonar ubansa.

Ga malamin da zai gwada, lokacin sanyi bayan girbi ya fi dacewa. Da damina ƙorama kan cika farat ɗaya ko da ba a yi ruwa a wurin ba, don haka a guje ta. A nemi izinin iyaye da na maigari, a tafi da makiyayi ko dattijon da ya san hanya, a ɗauki ruwa isasshe, a tsaya kusa da gari. A hana yara tura hannu ƙarƙashin dutse saboda kunama da maciji. Kada a cika buhu. Biyar ko shida sun isa aji, a rubuta wa kowanne inda aka tsince shi da ranar, domin dutsen da ba a san wurinsa ba ya rasa rabin labarinsa. Sauran a bar wa 'yan baya.

Na Tamaske sun tafi Turai fiye da shekaru 120 da suka wuce. Lokaci ya yi da kowace makaranta a Madawa, Buza da Keita za ta sami ɗan akwatinta a kusurwar aji, da rubutun yara a jiki, da Hausa.