Tocila da Makunninta a Ƙasar Gabi

Tun zamanin da almajiran Gabi suke bitar allunansu a gindin wutar kara, mata kuma suna kaɗi da hasken fitilar aci-balbal, har zuwa lokacin da fatake suka fara shigo da tocilar ƙarfe daga kasuwannin Maraɗi da Jibiya, babu wata na'ura da ta sauƙaƙa wa talaka sha'anin dare kamarta. Amma illarta tana ga makunni, wanda asalinsa ɗan siririn harshen tagulla ne. Idan maharbin dajin Baban Rafi ya ƙara batura domin neman haske mai nisa, sai wuta ta fi ƙarfin mahaɗar makunnin, ta yi zafi, ta yi baƙi, ruwan batir kuma ya haifar da tsatsa. Masu gyaran rediyo sukan kankare harshen da wuƙa, ko su musanya shi da makunnin babur mai kauri. Da ƙwan LED ya bayyana, wanda wutar da yake sha ƙalilan ce, sai wannan gyara ya ragu ƙwarai.