Asalin Jere a Ɗakin Amarya

A zamanin da, kafin a san kanti a ƙasar Hausa, ɗakin mace ba shi da wani ado da ya wuce kayan aikinta. Idan aurenta ya matso, mata sukan taru su yi wa ɗakin daɓe. Su baza tsakuwa da ƙasa, su yi ta bugu da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, har ƙasan ta yi tauri ta yi duhu tana sheƙi. Bango kuma a shafe shi da farar ƙasa. A gefe guda ga gadon kara ko gadon ƙasa, wani har da rami a ƙarƙashinsa inda ake sa garwashi lokacin hunturu ko jego. Shi ke nan ɗaki ya haɗu, sai abin da za a zuba a ciki.

Abin da aka fara zubawa kuwa ƙwarya ce. Da ita ake dama fura, da ita ake auna hatsi, ita ce ta wanka, ita ce ta kai tuwo gidan maƙwabta. Saboda haka uwa takan tara wa 'yarta masakai da ƙore da ƙoƙuna da ludaya fiye da abin da za ta iya amfani da shi a lokaci guda. Waɗanda ba a taɓa ba, sai a kife su bisa juna, babba a ƙasa ƙarami a sama, wasu a rataye a ragaya, a rufe bakinsu da faya-fayai masu rini. Masu sassaƙa suka riƙa yi musu zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Daga wannan ajiya aka sami jere. Matan Fulani har yau suna yin irinsa da ƙore, kuma ba sa yarda a ci abinci a cikin na adon.

To, da fatauci ya bunƙasa, sai tasa ta shigo. Maƙeran Bida a ƙasar Nufe sun shahara da ƙirar tagulla, fatake kuma suna kawo tasoshinsu kasuwanni irin su Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Tasa ba ta fashewa balle a nemi gyartai, gara ba ta cinta, kuma ko bayan shekara ashirin aka kai ta kasuwa, kuɗi ce. A nan jere ya tashi daga ajiyar kayan aiki ya koma taskar mace. Wannan shi ne abin da masu ganin jere almubazzaranci ne ba su lura da shi ba. Gida na miji ne, gona tasa ce, amma abin da ke jikin bangon nan nata ne ita kaɗai. Ranar da fari ya zo, ko ciwo, ko za ta aurar da ƙanwa, sai ta sauke tasa biyu ta ba dillaliya. Idan aure ya mutu kuwa, danginta su zo su kwashe kayanta kaf, ba mai cewa uffan.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shiga hannun talakawa, kamfanonin Turawa irin su John Holt suka cika kantuna da kwanukan ƙarfe masu fenti da furanni. Da farko daga Turai ake kawo su, daga baya daga Hong Kong, kafin a fara ƙera su a Legas da Kano. Mata suka raɗa musu sunaye: langa, fanteka, kwalla, samira. Da yake sun fi tasa araha, sai yawa ya zama abin gasa. Yarinya tun tana talla uwarta ke cire wani abu daga ribar tana zubi a adashi, kwasa ta zo a sayo saiti guda a tura ƙarƙashin gado. Kafin ta kai munzalin aure an tara abin da zai rufe bango. Hatta magina sun ɗauki abin, suna kafa faranti a tsakiyar rufin soro inda bakan gizo ya haɗu.

Ranar jere kuwa ba amarya ke yi ba. Gwaggonni da innoni da yayye ke zuwa tun da hantsi, kowa ta ɗaura ɗamara. A goge kowane kwano da tsumma har ya ɗauki ido, a dasa manyan kwalla a ƙasa, a yi ta ɗorawa ana rage girma har a kusa taɓa azara, launi na bin launi. Wata ta ja da baya ta tsaya bakin ƙofa, ta ce, "Yaya, na hagun nan ya karkace, a sauke a sake." Sai a sauke, ko da an kusa gamawa, domin gobe dangin ango za su shigo ganin ɗaki, kuma da idonsu za su ƙirga abin da iyayen yarinya suka yi mata.

Daga nan abubuwa suka yi ta sauyawa da sauri. Gadon ƙarfe mai rumfa ya kori na ƙasa, katifar soso ta kori ta audugar rimi, alhazai suka riƙa dawowa da dardumar bango mai hoton Ka'aba, kabad mai gilashi ta ɗauke kwanuka daga bango, tangaran da kuloli suka maye gurbin samira. Yau a Kano ko Maraɗi, in an ce kayan ɗaki, gado ake nufi da sif da madubi da kujeru da labule mai shiga da fenti.

Ni dai abin da ke damuna da na yanzu guda ne. Yawancinsa katakon garin itace ne da aka matse, damina biyu ta ishe shi ya kumbura, kuma ranar da aka kai shi wurin dillalai ko rabin kuɗinsa ba ya mayarwa. Ga shi sau da yawa da bashi uba ya saye shi. Shi ya sa wasu iyaye mata suka koma rage kujeru, su sayi ɗan kunne da sarƙar zinariya ko tunkiya biyu da sauran kuɗin, su damƙa wa yarinya a hannunta kafin a kai ta.