Alkawari Ba Kotu: Daga Sabon Ibadan Zuwa Taron Tunis

Ni haifaffen Sabo ne, unguwar Hausawa da aka kafa a Ibadan a 1916. Tun ina yaro nake jin dattawanmu suna ba da labarin yadda ake cinikin shanu da goro. Mai gida kan ba mahauci Bayarabe shanu bashi, babu takarda, babu alƙali. Amma duk wanda ya ci amana, masu gida za su haɗa kai su daina ba shi kaya har sai ya biya. Baturen nan Abner Cohen ya zauna a nan, ya kuma bayyana wannan tsari a littafinsa na 1969.

Wannan ne ke faɗo mini a rai duk lokacin da na tuna tarurrukan da ƙasashe suka yi kan fasahar sadarwa. Wayar GSM ta shigo mana a 2001. A Disamban 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara ƙasashe a Geneva, aka sake haɗuwa a Tunis a Nuwamban 2005. Abin da aka cimma ba doka ba ce, fahimtar juna ce kawai.

Abu biyu na riƙe daga waɗannan tarurruka. Na farko asusun da Shugaba Abdoulaye Wade na Senegal ya kawo shawararsa, don taimaka wa ƙasashe matalauta su samu kwamfuta da intanet. An ƙaddamar da shi a Geneva a Maris 2005, Shugaba Obasanjo na cikin masu mara masa baya. To amma gudummawar ta ganin dama ce, manyan ƙasashe suka noƙe, asusun ya durƙushe a 2009. Na biyu shi ne dandalin IGF na tattaunawa kan tafiyar da intanet, wanda ya fara zama a Athens a 2006. Ba ya yanke hukunci, shi ya sa kowa ke zuwa, ya kuma ɗore.

A Sabo alkawari na da haƙori, domin mai saɓa shi zai rasa abincinsa. A Tunis kuwa, wanda ya ƙi biya babu abin da ya rasa. Saboda haka in ka ji wakilanmu sun dawo da sanarwa, ka tambaya: in an saɓa, wa zai hana wa shanu?

Allah Ya sa mu dace.